Waiwayen Mako: Ɗari, Kasuwa Da Kayen Bashin Inna

Kamar yadda kowa ya ji a jikinsa, sanyi ya kankama a cikin wannan mako, tun daga Yamai har Damagaram. Duk wanda ya yi sammako ya shiga kasuwar Maraɗi ranar Litinin da ta gabata, ya tarar da rumfuna da dama a rufe har wajen ƙarfe tara, in ban da masu shayi da masu ƙosai da masu koko, waɗanda su ne ɗari ke yi wa rana. Masu turin kura sun kewaye wutar kwali suna jin ɗumi, ƴan kabu-kabu kuwa sun naɗe huska da rawani, idanu kawai ake gani.

Na kwashe yawancin makon a rumfar Inna, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta fi shekara talatin tana sayar da kayan miya: albasa, tattasai, daddawa, kuka da busasshiyar kuɓewa. Abin da ya kai ni can wata gardama ce da ta tashi a gidanta a game da jikanyarta mai shekara goma sha ɗaya, ƴar aji biyar a lakwal. Uwar yarinyar na son a tsayar da ita a gida tsawon watannin ɗari don ta riƙa kai tallar ƙosai da safe, Inna kuma ta ce ba da yawunta ba. Da yake na san irin wannan gardama tana cikin gidaje da yawa a wannan lokaci, na ga ya dace in kawo muku abin da na gani da abin da na yi tunani a kai.

Iskar da ke jinkirta ciniki

Mu fara da ɗarin kansa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara ba tare da ɗigon laima ba. Wani babban kaso na ƙurar da take ɗaukowa yana tasowa ne daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Cadi, inda a zamanin da ruwan tabkin Cadi ya taɓa kwantawa, ya bushe ya bar gari mai laushi kamar toka. Wannan garin ne ke zama hazon da ke rufe mana rana, ya kwanta a kan atamfa da buhu da kwanon daddawa. Da asuba a Maraɗi ko Damagaram ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da awo 15, da azahar kuma ya haura kusan 30. Jiki na shan wahalar wannan hawa da sauka, shi ya sa mura da tari da kaushi da faso suke yawa.

Ga ɗan kasuwa, ɗari na da riba da hasara. Mai gwanjo yana sayar da rigunan sanyi da barguna da safa, mai man kaɗe da mai gawayi su ma suna ganin canji. Mai ruwan sanyi da ƙanƙara da lemu kuwa sai haƙuri har watan Maris. Lokacin ciniki ma yana raguwa, domin mutanen ƙauye da kan iso da hantsi yanzu sai rana ta ɗaga, kuma suna gaggawar komawa kafin sanyin marece.

Akwai abu biyu da ya kamata mu tunatar da juna. Na farko kaskon gawayi a cikin ɗaki. Gawayin da ke ci a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da wata iska marar wari marar launi, wadda ke sa ciwon kai da jiri, ta kuma kashe mutum yana cikin barci. A ji ɗumi, amma a fitar da kasko waje kafin a kwanta. Na biyu gobara. Tsofaffin ƴan kasuwar Yamai ba su manta da gobarar Babbar Kasuwa ta shekarar 1982 ba, wadda sai a 1987 aka buɗe sabon gininta, kuma a 2012 Ƙaramar Kasuwa ta ƙone ƙurmus. Mu a nan Maraɗi, a watan Nuwamba na 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare, yara sama da 20 suka rasu. Iskar ɗari ba ta ba wuta lokacin tunani. Mai suya da ta tashi daga kasuwa ta kashe murhunta da ruwa, mai rumfa kuma ya duba wayar lantarkin da aka jona masa.

Sai maganar yara. Yaron da ke tari, numfashinsa ya yi sauri, haƙarƙarinsa na faɗawa ciki, ciwon huhu ne ake tsoro, kuma likita ya kamata a nufa da shi tun ranar. Idan ɗari ya fara ja da baya zafi ya shigo da ƙura, lokacin sanƙarau ke nan. A shekarar 2015 annobarsa ta kai har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki a watan Afrilu. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne. In an ji shelar rigakafi, a bar rumfa hannun maƙwabciya a kai yara.

Kaya sun yi yawa, kuɗi sun yi kaɗan

Ɗari shi ne lokacin da kasuwa ta fi kyan gani. Hatsi da dawa da wake da gujiya da aya sun shigo daga kaka, ga kayan lambu sun fara fitowa: salati, shu, karoti, tumatir, kwambitar. Noman rani ya samu gindin zama ne a ƙasarmu bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a fadamu da bakin rijiyoyi, kuma yau shi ke riƙe da gidaje masu yawa a gulbin Maraɗi da ƙoramun Matamai da Magarya da kwarin Majiya. Albasar Galmi da ake nomawa a jihar Tawa tana kaiwa har kasuwannin Akara da Abijan.

Sai dai duk mai sayar da kayan miya ta san yadda abin yake juyawa. Albasa na tsada a ƙarshen damina da farkon ɗari, lokacin da tsohuwa ta ƙare sabuwa ba ta iso ba. Da zarar an fara cirar sabuwa da yawa, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, sai farashi ya faɗi warwas. Wadda ta sari buhu da tsada a wannan mako, in ba ta sayar da wuri ba, sabuwar albasa za ta tarar da ita. Hatsi kuma akasin haka yake: tiya na araha yanzu, ta yi ta hawa har tsakiyar damina. Manomin da bukata ta sa ya sayar da hatsinsa a kaka, shi ne zai dawo ya saye shi da tsada a watan Yuli. Mai jari da wurin ajiya shi ke cin ribar wannan tazara. Ƙaramar ƴar kasuwa da jarinta bai wuce jika hamsin ba, ba ta da halin ajiye komai, abin da ta saro da safe shi take fatan ya fita kafin magariba.

Kuma a daidai wannan lokaci ne maza ke tafiya ci rani. Bayan an ɗaure damma an zuba a rumbu, sai ka ga tashoshin mota cike da samari, wasu za su Kano da Legas, wasu Agadas da Libiya da Aljeriya, wasu kuma wuraren haƙar zinariya irin su Jado, inda aka yi ta tururuwa tun 2014. Tafiyar ba ta rasa haɗari. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutane 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Wanda ya tsira kuma ba lallai ne ya samu abin aikowa a kan lokaci ba. Ɗan Inna, uban yarinyar da ake gardama a kanta, ya tafi arewa tun bayan kaka, kuma wata biyu ke nan bai aiko da ko dala ba. Matarsa na da yara huɗu a gabanta. Wanda bai san wannan ba zai yi saurin ganin laifinta.

Dala a baki, sefa a takarda

A nan ne maganar karatu ta shigo. Inna ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma a lissafin ka ban ga wanda zai kayar da ita ba. Matsalarta ɗaya ce, kuma matsalar mata da yawa ce: mu a kasuwa da dala muke ƙirga, takarda kuwa da sefa take magana. Abin da Inna ke kira dala ɗari, a rubuce 500 ne. Jika biyu da dala arba'in, a rubuce 2.200 ne. Saƙon da ke shigowa cikin salula daga kamfanin aika kuɗi, da tikitin kasuwa, da takardar patanti, da rasit ɗin babban ɗan kasuwa, duk da sefa suke zuwa, kuma da Faransanci. Wanda bai iya karanta lamba ya raba ta gida biyar ba, dole ya miƙa wa wani ya duba masa, ya kuma yarda da duk abin da aka ce masa. In ciniki ya haɗa da naira, kamar yadda yake ga masu zuwa Jibiya da Ilela da Maigatari, lissafin ya zama hawa uku.

Sannan ga bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu mai kayan miyar da za ta ce ba ta bayarwa. Mai tuwo za ta ɗauki albasar dala sittin ta ce sai marece, maƙwabciya ta aiko yaro ya karɓi daddawar dala goma, matar ma'aikaci ta ce sai ƙarshen wata. Shekara da shekaru Inna a kai take riƙe wannan duka, wani lokaci ta ja layi da gawayi a jikin bango. Manyan basussuka ba ta mantawa da su. Ƙananan ne ke zubewa. Ku yi lissafi da kanku: in dala goma kacal ke ɓacewa kowace rana, a wata guda jika ɗaya da rabi ke nan, a shekara kuma sama da jika goma sha takwas.

A farkon kaka ne yarinyar ta ɗauko wani tsohon kayenta da ya rage shafuka, ta fara rubuta wa kakarta sunan mai bashi da ranar da abin da ya ɗauka. Kowane marece in an tashi lakwal takan biyo ta rumfa, Inna na faɗa tana rubutawa. Ranar Talata na karɓi kayen na duba. Rubutun Hausa ne da haruffan boko, da kurakurai nan da can, amma kowace lamba tana wurinta, gefe guda dala, gefe guda sefa. Wanda ya biya, ta ja layi a kan sunansa. Na tara abin da aka ja wa layi tun daga shafin farko, ya kama jika 26. Inna da kanta ta ce rabin mutanen nan da ta manta da su, wasu kuma da sun yi mata musu, amma da aka buɗe kaye aka karanta musu rana da kaya, sai suka yi dariya suka biya. Ta dube ni ta ce: "Kai ɗan nan, jikanyata ce ke tsare mini jikkunana."

Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamai sun sha gaya mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Manyan alhazan Maraɗi da suka yi arziki da gujiya da fatauci, da yawansu da ajami suka riƙe lissafinsu ko suka ajiye malami mai rubuta musu. Gaskiya ne kuma cewa mata sun nuna ana iya riƙe amana ba da alƙalami ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara da su a jihar Maraɗi a shekarar 1991, da ka suka fara riƙe lissafinsu: kowane mako a zuba a asusu a gaban kowa, a ba da rance a gaban kowa, kowace mace ta zama shaidar ƴar uwarta. Tsarin ya yi kyau har ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Amma a can mata ashirin ko talatin ne ke tuna abu guda tare. A rumfa ke kaɗai ce da masu bashi ashirin.

Ga wadda girma ya kama, ƙofar karatu ba ta rufe ba. Tun farkon shekarun 1960 ake yaƙi da jahilci da harsunan gida a Nijar, kuma a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. Wanda ya iya harshe tun yana goye, haruffa kawai suka rage masa. Wadda kuma ta yi ƴan shekaru a lakwal ta bari, kada ta bar idonta ya yi tsatsa. Littattafan Hausa na nan a kasuwa, daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam har zuwa labaran da marubuta mata na Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu suka rubuta a kan zaman aure da kishi da sana'a. Safiyar ɗari da ciniki bai buɗe ba, shafi biyu ko uku sun isa.

Gardamar cikin gida

Daren Laraba aka zauna a tsakar gida, an hura wuta. Uwar yarinyar ta faɗi nata, kuma magana ce mai nauyi. Ta ce: "Inna, ni ma ina son ta yi karatu. Amma hatsin da ya rage ba zai kai mu ƙarshen wata ba. Ƙosai na tafiya yanzu, in na samu mai kai mini tasha da safe, dala hamsin ba za ta gagara ba kowace rana. In zafi ya shigo sai ta koma." Inna ta ce ta ga yara da yawa da aka ce za su koma in zafi ya shigo, kuma har yau tire ne a kansu.

Da aka nemi in sa baki, lissafi kawai na yi musu. Dala hamsin a rana, cikin kwana 90 na ɗari, jika 22 da rabi ke nan, in har ba a yi kwantai ba ko sau ɗaya, in kuma yarinyar ba ta kwanta ciwo ba saboda fitar asuba cikin wannan iska. Kayen da take riƙewa da marece ya riga ya dawo da jika 26, ba tare da ta rasa darasi ko ɗaya ba. Kuma abin da ya sa ta iya riƙe kayen shi ne lakwal ɗin da ake son a cire ta. Yaron da ya yi fashin wata uku a tsakiyar shekara, da wuya ya kamo ƴan ajinsu, in ya faɗi jarrabawa kuma sai a ce ai dama ba ya da ƙoƙari. Ga kuma abin da kowa ya sani bai cika son faɗa ba: tashar mota da duhun asuba ba wurin yarinya mai shekara goma sha ɗaya ba ne. Na tunatar da su cewa tun watan Disamba na 2017 hukuma ta fitar da dokar kare karatun ƴaƴa mata har su kai shekara 16, amma na san doka ba ta cika tukunya.

Wannan lokaci kuma shi ne na bukukuwa. Bayan kaka ake ɗaurin aure, kuma kowace mace ta san abin da biki da anko da kayan ɗaki ke yi wa jari. Ba na cewa a yanke zumunci. Amma gidan da ke tunanin cire yaro daga makaranta saboda dala hamsin, ya fara duba nawa ya kashe a kan anko tun daga watan Nuwamba.

Siyasa daga bakin rumfa

Ranar Alhamis, da ciniki ya lafa, hira ta koma kan siyasa kamar kullum, rediyo na gefe. Ɗan kasuwa bai cika damuwa da dogon jawabi ba, abin da yake tunawa shi ne ranar da shawarar magabata ta shigo cikin aljihunsa. Dattawa na tuna Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, kuɗin Faransa guda da ake saye sefa 50 ya koma 100, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Suna tuna 2005, zamanin Tanja Mamadu, da aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi, ƙungiyoyin fararen hula masu kokowa da tsadar rayuwa suka kira a rufe kasuwanni a watan Maris, aka kuma rufe, har gwamnati ta sassauta a watan Afrilu. A wannan shekara ce kuma ƙarancin cimaka ya addabi jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa.

Matasa kuwa nasu tunanin na kusa ne. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, Ɗan Isa da Ƙonni suka yi tsit. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kawo Janar Abdurahaman Tiani, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, shinkafa da magani suka yi tsada. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar Najeriya a watan Maris. Rikicin iyaka da Benin ya sa kayan da suka saba biyowa ta Kwatano da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. A daminar 2024 ambaliya ta rusa gidaje masu ɗimbin yawa, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A cikin watan Oktoban nan ne gwamnati ta hana fitar da hatsi da shinkafa zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso, matakin da mai saye da tiya ya yi maraba da shi, mai sari da buhu kuma ya ji a jikinsa. A ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso, waɗanda suka kafa ƙawancen AES a 2023, suka kammala ficewa daga CEDEAO.

Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan al'amura, kuma a rumfar Inna ma ba a taru a kan magana guda ba. Ni abin da na riƙe shi ne wani abu da ya zo cikin kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi ta muhawara a kai, musamman tsakanin masu magana da sauran harsunanmu, kuma muhawara ce da ya kamata a yi ta cikin mutunta juna. Amma ga mai kayan miya, ma'aunin wannan mataki mai sauƙi ne. Ranar da tikitin kasuwa zai zo da Hausa ko Zabarmanci, ranar da za a kafa allo a ƙofar kasuwa mai nuna nawa ne kuɗin rumfa da kuɗin tebur da kuɗin buhu, da harshen da mai biya ke ji, ranar ce za ta san an yi da ita. Muna kira ga hukumomin da ke kula da kasuwanni da shugabannin ƴan kasuwa da su fara da wannan, domin allo da fenti ba su kai kuɗin da ake tarawa a ranar kasuwa guda ba. Su kuma duba hanyoyin cikin kasuwa da aka toshe da tebura, ta yadda motar ƴan kwana-kwana za ta iya shiga in ta ɓaci. Ku kuma ƴan kasuwa, duk kuɗin da kuka biya ku nemi takarda, ku adana ta.

Yadda aka ƙare

Ranar Juma'a, babbar ranar kasuwa, aka samu matsaya. Yarinyar za ta ci gaba da zuwa lakwal. Uwarta za ta riƙa suyar ƙosai a bakin rumfar Inna maimakon cikin gida, inda masu kura da ƴan kabu-kabu ke taruwa da safe, don haka ba a bukatar mai kai talla. Inna ta ranta mata jika biyar na wake da mai, an kuma rubuta a cikin kaye kamar na kowa, da ranar biya. Ban ce matsalar gidan ta ƙare ba. Har yanzu ba a ji daga mai gidan ba, hatsi na raguwa a buhu, kuma wurin da aka sa kaskon suya sai an yi magana da masu kula da kasuwa. Amma ranar Asabar da na biya, na tarar an sayar da ƙosan tas kafin ƙarfe goma, Inna kuma na zaune da bik a hannu, jikanyar na nuna mata yadda ake rubuta 5 da 0.

Shawarata ga duk mai rumfa ko mai tebur a wannan mako ita ce ta sayi kaye guda da bik, ba za su kai kuɗin tiyar hatsi ba. In ba ta iya rubutu ba, akwai ɗan lakwal ko almajiri a gidanta ko a maƙwabta. A rubuta suna da rana da kaya da kuɗi, a karanta wa mai ɗauka ya ji kafin ya tafi. Bayan wata guda a tara a gani.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kare mu daga gobara da cututtukan ɗari, ya dawo mana da matafiyanmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.